Neman Kaka Bature a Fadamar Guri

Kano, asubahin Asabar

Ƙarfe biyar da rabi, ina shafa addu'a, Sagir ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya huɗu da shagon kayan waya, amma ya zo min cikin kwat da takalmi sau-ciki, rungume da jan fayil kamar mai zuwa neman aiki. Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Guri za mu ko filin jirgi?"

Ya ce, "Yaya Binta, ke dai komai sai kin yi masa ba'a."

Ga abin da ya tashe mu. Bara mahaifinmu ya rasu. Da aka buɗe akwatinsa aka sami tsohon hoto da wata takarda da ta yi ja don tsufa. A hoton akwai wani dogon Bature, gefensa kakarmu Hauwa'u riƙe da jariri, can ƙarshe kuma kakanmu Audu mai jirgi da gorar tuƙi a hannu. Takardar da Turanci ce, layi huɗu: mai ɗauke da ita, Audu, mutum ne mai amana kuma ya san hanyoyin ruwa. Ƙasa an sa hannu, Dulan. Ni malamar Turanci ce a makarantar 'yan mata, na karanta ta sau ɗaya na gane takardar yabon ma'aikaci ce.

Sagir kuwa wata shida yana karanta layi huɗun nan. Wani ya gaya masa ƙasar Ailan tana ba jikan ɗan ƙasarta fasfo in ya kawo hujja. Ya shiga intanet, ya tono rajistar baftisma ta wani cocin ƙauye, ya ga sunan Dulan, ya sake ganinsa a jerin fasinjojin jirgin ruwan da ya taho Ikko. Daga nan ya sami wata tsohuwa mai suna Nora, 'yar ƙanin Baturen, wadda ita ma ta daɗe tana neman inda baffanta ya ƙare. Hujjar Sagir ita ce mahaifinmu fari ne kuma sunansa Bature. Na ce masa duk yaron da aka haifa ranar Talata ana iya ce masa Bature, a layinmu ma akwai biyu, ɗaya baƙi wuluk. Ya ce wannan tunanin mutanen da ne.

Shekararsa goma sha biyar bai taka garin kakanninmu ba, ko hanya bai sani ba, shi ya sa ya roƙe ni rakiya wurin Gwaggo Hansai, yayar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na yarda ne don ina son ganin Gwaggo, kuma na fi son a yi haukan a gabana da a yi shi a bayana.

Adaidaita sahu ya kai mu tasha. Muka sami ƙaramar mota, Sagir ya biya kuɗin mutum biyu a gaba don kada kwat ta yamutse. Shida da kwata muka tashi.

Daga Kano zuwa Malam Madori

Hanyar kusan kilomita ɗari biyu ce. Bayan Gezawa muka wuce shinge biyu, aka leƙo aka ce mu wuce. A na uku jami'in ya ga fayil ya tambaya, "Oga, lauya ne?" Sagir ya gyara zama ya ce, "Bincike muke." Jami'in ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya wurin mai buhun albasa.

A Gujungu muka tsaya karin kumallo, bakwai da minti hamsin. Na ci ƙosai da koko. Sagir ya sa aka soya masa ƙwai, ya nemi cokali mai yatsu, mai shayi ya miƙo masa tsinken tsire.

Direbanmu dattijo ne ɗan Haɗeja, mai son hira. Da muka ci gaba sai ya ce, "Alhaji, me ake bincike?" Sagir ya zaro waya ya nuna masa hoton. Nan na leƙa ta kafaɗarsa na ga abin da ban sani ba: a hoton da ke wayar babu kakanmu Audu. An yanke shi, sai ɗan guntun gorarsa a gefe.

Na ce, "Ina Baba Audu?"

Ya ce, "Hoton ne ya yi faɗi."

"Haka ka tura wa Nora?"

Ya mayar da wayar aljihu. Direba ya dube shi ta wutsiyar ido ya ce, "Ni dai na ga masu neman dangantaka da sharifai, na ga masu neman ta sarauta. Wannan ce farkon ganina da mai neman ta Nasara." Ya kunna rediyo.

Tara da minti ashirin muka sauka a Malam Madori, domin a takardun Nora an ce Dulan yana saye wa wani kamfani fata da ƙirgi a nan. Muka bi gefen layin dogo har wani kangon sito, ba rufi, an shanya tattasai a ciki. Mai tattasan tsoho ne, na gaishe shi na tambaye shi ko ya taɓa jin labarin Baturen fata.

Ya ce, "Hajiya, Turawa sun yi yawa a nan lokacin gyaɗa. Wa ya riƙe sunansu? Su ma ba su riƙe namu ba."

Sagir bai damu ba. Ya jingina da bangon, ya ɗauki kansa hoto, ya tura wa Nora da rubutu a ƙasa wai ofishin kakansa. Akuya biyu sun fito a hoton. Su bai yanke su ba.

Haɗeja

Goma da rabi muka shiga Haɗeja. Na ɗauka gidan Uwani, 'yar kawunmu, za mu wuce, sai Sagir ya ce yana da ɗan uzuri. Uzurin a gindin wata darbejiya yake, inda wani mutum ya kafa tebur da kwamfuta da ɗan janareto yana buga wa mutane takardun rantsuwa. Ashe sun riga sun yi magana ta waya.

Mutumin ya ja kujera ya ce, "Sunan uwar?"

"Hauwa'u."

"Uban?"

"Dulan."

"An ɗaura aure?"

Sagir ya ce, "Ka bar wurin haka nan."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. "Ni bugawa nake, Alhaji. Makon jiya na buga wa wani cewa kakansa daga Masar ya zo. Wa zai dangwala?"

"Gwaggona. Ita ce shaida."

Sai a nan na gane abin da aka kawo ni rakiya. Na jira takardar ta fito da zafinta, na karɓa na karanta. Cewa take ita Hansai ta shaida mahaifiyarta ta haifi ƙaninta ne da Bature Dulan, a lokacin tana gidan Audu. Na ja Sagir gefe don kada in tara masa jama'a.

Na ce, "Ka san sunan da ake kiran ɗan da aka samu haka?"

"Yaya, takarda ce kawai. Su can ba ruwansu da wannan."

"Mu nan fa? Ubanka ko shekara biyu bai yi a ƙasa ba."

"In na samu, yarana ne za su yi karatu. Ke ma sai in ɗauke ki."

Na ce na gode, ina da ƙasa. Na so in yaga takardar, sai na fasa, na mayar masa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma na san Gwaggo.

Gidan Uwani muka kwana. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, irin wadda mai ke tashi a kai. Sagir ya tambaya ko akwai ruwan gora, wai cikinsa ba ya son na randa. Uwani ta ce, "Ikon Allah. Ba kai ne ka taɓa shan ruwan kwatami muna yara ba, aka yi ta ba ka kanwa?" Ya ci malmala uku duk da haka.

Lahadi, Haɗeja zuwa Guri

Shida da rabi muka hau bas ɗin Guri, mu goma sha huɗu da buhunan gishiri. Damina ta ɗauke amma ruwa bai janye ba. Hagu da dama shinkafa ce ta sunkuya, wani wurin ruwa ya shafe gona sai kan karan dawa kake gani. Balbelu sun yi fari a kan bishiyoyi. Wata mata kusa da ni ta ce bana ruwa ya ci musu rabin gona, ta faɗa kamar mai ba da labarin zazzaɓin da ya wuce.

Da aka ambaci Baturiya a hira, Sagir ya juyo da sauri ya ce min, "Kin ji sunan garin ma." Na ce ya yi haƙuri, garin ba ya cikin gadonsa.

Takwas da rabi muka isa Guri. Babura biyu suka kai mu bakin ruwa, tafiyar minti ashirin cikin yashi. Daga nan sai kwale-kwale zuwa Tudun Jirgi, ƙauyen kakanninmu. Mai jirgin, Malam Habu, ya gane ni. "Ba Binta ta gidan Audu ba ce? Wannan fa?"

"Ƙanena ne, Sagir."

"Jikan Audu kake ka shigo jirgi da ƙafar takalmi?" Ya yi dariya. "Kakanka shi ya koya wa ubana tuƙi."

Kacala ta toshe tsohuwar hanyar, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye rabin fadama, don haka muka bi wata 'yar siririyar gwadabe da masunta suka sare. Minti arba'in muna ciki. Wurin sauka Sagir ya ƙi hannun da Malam Habu ya miƙa masa, ya daka tsalle, ƙafar dama ta nutse a taɓo har gwiwa. Ƙafar ta fito, takalmin bai fito ba. Haka ya shiga garin kakansa, kwat a sama, ƙafa ɗaya da safa.

Tudun Jirgi

Gwaggo Hansai ta kai tamanin. Mun same ta a tsakar gida tana juya kifi a kan banda. Ta rungume ni, ta dubi Sagir ta daɗe.

"Sagiru ne? Na ɗauka sai a gawata." Ta sa aka kawo fura da nono, aka ba shi silifas.

Bayan gaisuwa da ta'aziyyar da bai zo ya yi mata ba bara, ya buɗe fayil. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai takardar tarihi ce, wai dangwale kawai za ta yi.

Gwaggo ta ce, "Ban taɓa dangwala abin da ban ji ba. Binta, karanta min da Hausa."

Na karanta mata kalma da kalma, ban rage ba ban sassauta ba. Sagir yana ta kallon silifas. Da na gama sai ta juya kifinta guda biyu, ta goge hannu a zane, ta ce a ba ta hoton. Na ba ta na ainihi da ke cikin fayil. Ta kai shi dab da ido.

"Ga Baba. Ga Inna. Ga Baturen fata." Ta ɗora yatsa a kan jaririn. "Wannan wa ka ce?"

"Babanmu, Gwaggo."

"Duba kunnen."

Ya karɓa ya duba. Ni ma na leƙa. Ɗan ɗigon fari ne a kowane kunne.

"A garinku namiji ake huda wa kunne? Ni ce. Ana yaye ni Baturen ya mutu. Bayana aka haifi Sa'a ta koma, aka haifi Musa ya koma, sannan ubanku, ranar Talata da hantsi. Shekara bakwai tsakanina da shi."

Sagir ya ce, "Ai Gwaggo, ana samun kwantaccen ciki."

"Ya kwanta, biyu suka tsallake shi suka fito?"

Matar jikanta da ke daka a gefe ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki, kafaɗunta na rawa.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Farin ubanku na kakarmu ne, Bafillatana ce daga rugar Kafin Hausa. Inna ta yi aure a gidan nan, ta binne 'ya'ya a garin nan, ta mutu ba wanda ya taɓa jifanta da kalma. Sai yau, jikanta ya hau jirgi ya kawo mata a rubuce. Me za a ba ka, ɗan nan?"

"Fasfo, Gwaggo."

"Na zuwa Makka?"

"A'a."

Ta miƙa masa takardar. "Riƙe abarka. In ka sami wata tsohuwar da za ta sayar da uwarta, ka kai mata."

Ya naɗe takardar ya cusa a aljihun kwat. Ban ƙara ganinta ba.

Ni ce na gaya wa Gwaggo labarin Nora, cewa akwai wata tsohuwa can ƙasarsu da ubanta ya mutu bai san inda wansa ya kwanta ba. Sai fuskarta ta sauya. Ta ce, "Yana da dangi ashe? To ku tashi."

Ta dogara sanda muka bi ta bayan gari, tafiyar minti goma, zuwa wani ɗan tudu nesa kaɗan da maƙabarta. Tsamiya ce a kai, gindinta an jera duwatsu baƙaƙe. A hanya ta ba mu labarin yadda ta ji daga bakin Inna. Baba Audu ne yake kai Baturen ƙauyukan ruwa sayen fata. Wata damina zazzaɓi ya kama shi a nan, ruwa ya datse hanya. Baba ya ɗauke shi a jirgi zai kai shi Haɗeja, ya ga ba zai kai ba, ya juyo da shi. Kwana tara ya yi a zauren gidanmu. Da ya cika, Baba da mutum biyu suka haƙa masa nan, tunda ba Musulmi ba ne kuma ba a bar ɗan Adam a waje. Da ruwa ya janye Baba ya ɗauki akwatinsa a ka har Malam Madori. Aka karɓi akwatin. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ga kabarin.

A kan tudun ne kaɗai waya ke kamawa. Na ce wa Sagir ya kira Nora. Ya ce shi ba zai iya ba. Na karɓi wayar na kira da kaina, ta bidiyo. Tsohuwa ce mai farin gashi, zaune a madafinta da kofin shayi. Na gaya mata ni ce yayar Sagir, kuma ba mu haɗa jini da ita ba, kuskure ne aka yi, har da abin da ya wuce kuskure, muna ba ta haƙuri. Sannan na juya wayar na nuna mata duwatsun.

Ta ƙura wa duwatsun ido. Da ta buɗe baki ba ta tambayi zancen dangantaka ba. Ta ce, "Shi kaɗai ne lokacin da ya mutu?"

Na fassara wa Gwaggo. Ta matso da fuskarta kusa da wayar kamar matar za ta ji Hausa.

"Gaya mata a'a. Kansa a cinyar Baba yake. Inna ce take ba shi kunu da ludayi. Kwanakin ƙarshe yana ta faɗin wata kalma, Maikal, Maikal. Suka ɗauka ruwa yake nufi da yarensu, duk ya faɗa sai Inna ta ba shi ruwa. Har ta tsufa in tana mana wasa takan ce a ba ta maikal."

Na fassara. Nora ta ajiye kofin, ta rufe bakinta da hannu. Can ta ce, "Sunan babana ke nan."

Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Allah sarki. Ƙaninsa yake kira." Ta share ido da bakin mayafi. Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallon juna ta cikin waya, ba mai jin yaren wani, har layin ya yanke. Kafin ya yanke Nora ta roƙi a tura mata sunan mutumin da ya binne baffanta, za ta sa a littafin danginsu. Na tura mata sunan, na ɗauki hoton ainihi gaba ɗayansa na haɗa mata.

Da la'asar Malam Habu ya mayar da mu. Gwaggo ta ba ni bandar kifi a kwali. Sagir ya durƙusa zai yi mata sallama, ta ce, "Ka je ka yi wa ubanka addu'a. Ni ba ni ka yi wa ba." Amma ta sa masa nasa kifin a leda.

Litinin, komawa gida

Mun sake kwana gidan Uwani. Bakwai na safe muka bar Haɗeja, wannan karon Sagir a baya tare da ni, kwat a cikin leda da kifi, silifas ɗin Gwaggo a ƙafa. Har Gujungu bai ce uffan ba, ni ma ban tsokane shi ba. Na fara tunanin ko maganar Gwaggo ta shige shi. Muna wuce Ringim sai ya gyara murya.

"Yaya, ita Mama, ba an ce kakanninta fatake ne daga Tarabulus ba?"

Na ce wa direba don Allah ya ƙara sautin rediyo.

Sha ɗaya saura kwata muka shigo Kano, sha ɗaya da rabi ina gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Uwani da ta sauke mu kwana biyu, da Malam Habu da ya ƙi karɓar ko sisi a hannun jikokin Audu, da Gwaggo Hansai, Allah ya ƙara mata lafiya. Baba Audu da Inna Hauwa'u kuwa, Allah ya jiƙansu, ya yafe mana abin da muka kusa rubutawa a kansu.